Abin da muka tsinta a zaman Aboabo kan rabon ƙwaƙwalwa a Linux

Ranar Asabar bayan La'asar muka zauna a Aboabo, nan Kumasi, ana zagaya shayi, ana muhawara kan yadda kanel, wato zuciyar tsarin Linux, zai riƙa ba manhajoji ma'ajiyar haɗin gwiwa (sashen ƙwaƙwalwar na'ura da suke amfani da shi tare) ba tare da ɓata lokaci ba.

Wani ɗan'uwa ɗalibin jami'ar KNUST ya zana lissafi a bayan takardar burodi. Hoto ɗaya mai 1920 da 1080, kowane ɗigo bayit 4, ya kai kusan megabayit 8, wato shafi (gutsuren ƙwaƙwalwa) 2,000 da 'yan kai masu kilobayit 4. Kowane shafi sai kanel ya share shi da sifili kafin ya miƙa, don kada sirrin wata manhaja ya faɗa hannun wata. Nan lokacin ke zurarewa. Shawararsa ita ce a tanadi shafukan da aka riga aka share, a yi sharar a bayan fage, a kuma nemi manyan shafuka masu megabayit 2 in sun samu. Ni ma nan na tsaya, don yanke sharar gaba ɗaya ganganci ne.

Dattijon cikinmu ya ce, "Yarana, kada ku ƙirƙiro sabuwar ƙofa." Ya ce DMA-BUF Heaps, tsarin kanel na ba da irin wannan ma'ajiya, na nan tun Linux 5.6 a 2020, shi ya gaji tsohon tsarin ION a Android, kuma memfd_create, wata hanyar neman ma'ajiya daga kanel, ya ishi mai aiki mai sauƙi. Kyamara da allo su riƙa juya ma'ajiya uku ko huɗu maimakon neman sabuwa kowane hoto.

Auna kafin gyara, kowa ya yarda, kuma a kan ƙaramar waya irin ta kasuwar Kejetia.