Neman shawara: zan kai Baba asibiti a New Delhi daga Abuja, awa nawa ne a jirgi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina za a yi wa aikin gwiwa a Indiya, ni ce zan raka shi. Shekararsa 71, ga ciwon suga, kuma bai taɓa hawa jirgin da ya wuce na Jidda ba. Tikitin da aka nuna min ya ce mu tashi Abuja wajen ɗaya da rabi na rana, mu sauka Delhi takwas na safe washegari. Na ƙirga ya haura awa 18, gabana ya faɗi. Mutumin da ko zaman tahiya sai ya miƙe ƙafa, yaya zai yi? Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye ne?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar uwa, kwantar da hankalinki, lissafin ne ya ruɗe ki. Lokacin sauka da ke jikin tikiti na garin da za a sauka ne, kuma agogon Indiya yana gaban namu da awa huɗu da rabi. Ki cire wannan, tafiyar duka wajen awa 14 ce. Nisan Abuja da Delhi kusan kilomita 7,500 ne, amma babu jirgi kai tsaye, dole a yada zango. Ta Addis Ababa, kusan awa biyar ne zuwa can, sai kamar shida da rabi zuwa Delhi, sauran kuma jira ne a filin jirgin Bole na Addis ɗin.

Amsa ta biyu: Ni mahaifiyata na kai, ta Addis ɗin muka bi. Abin da ya fi ba mu wuya ba zaman jirgi ba ne, tafiyar ƙasa ce a cikin filin jirgi da sake layin bincike. Don Allah tun wajen yankan tikiti ki sa a rubuta kuna buƙatar keken guragu, za a tarbe ku da shi a bakin jirgi. Ki zaɓa masa kujerar gefen hanya, ba ta taga ba, ya riƙa tashi yana ɗan takawa. Sannan ki riƙe masa rigar sanyi a hannu. Addis a kan tudu take, sama da mita 2,300, da dare sanyi sosai. Hajiyarmu da mayafina na lulluɓe ta tana rawar ɗari.

Amsa ta uku: Ta Doha ma akwai, sai dai zangon farko ya fi tsawo, wajen awa bakwai a zaune. Ga mai ciwon gwiwa ni dai ta Addis zan zaɓa.

Amsa ta huɗu: Ma'aikaciyar jinya ce ni. Maganin suga da allurarsa su kasance a jakar hannu, kada ki kuskura su shiga babban akwati. Ki tambayi likitansa yadda zai daidaita lokacin magani da sabon agogo, ya kuma ba ku takardar cewa zai iya hawa jirgi. Katin rigakafin cutar shawara (yellow fever) fa? Indiya ba ta wasa da shi, kuma sai allurar ta kwana goma kafin ta yi aiki. Wanda ba shi da shi ana iya killace shi har kwana shida.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Katin Baba yana nan tun na aikin Hajji, nawa ne ban da shi. Gobe da sassafe zan je a yi min, in sha Allahu, tunda saura mako uku.