Da gaske tura kuɗi ta waya ya daidaita talaka da mai kuɗi?

Mai shagon atamfa: Salamu alaikum jama'a. Ni ina nan kan bakana: tun da aka koma tura kuɗi ta waya talaka ya samu shiga. Da can mai kayan miya ko ƙofar banki bai sani ba, yau ga lambar asusunsa manne a jikin tebur. Mu ma a Kantin Kwari mun huta da yawo da jakar kuɗi ana waige-waige.

Uwar adashi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wane talakan? Mu goma sha biyu ne a adashina, biyar ba su da wayar kansu, ta maigida suke ara. Ran da kwasa ta faɗa asusun miji, kuɗin nata ne ko nasa? Da a bakin zane take ƙulle abinta, ba mai sanin ko nawa ne.

Mai POS: Hajiya, wannan ai yana da magani. Da NIN ko BVN mace za ta buɗe OPay ko Moniepoint da sunanta. Ko ƙaramar waya tana aiki, lambobi kawai za ta danna. Mutanen Kenya tun 2007 suke amfani da M-Pesa, tsarinsu na tura kuɗi ta waya, har cikin ƙauyuka.

Uwar adashi: Ɗana, saƙon da wayar ke dawowa da shi da Turanci yake zuwa. Dole ta miƙa wa wani ya karanta mata, wani lokacin har lambar sirrin ta faɗa masa.

Direban motar haya: Ku bar ni in tuna muku farkon 2023. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun 200 da 500 da 1,000, ya sa 31 ga Janairu wa'adin daina karɓar tsofaffin, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar wata kasuwar ƙauye na ɗauko tsohuwa da kajinta uku. Masu saye duk suna cewa sai dai su tura, ita kuwa ba asusu. Mutum ɗaya ne ya zo da sababbin kuɗi a hannu, shi ya yanka farashin da ya ga dama, ta sallama don jikanta na kwance ba lafiya. Har muka dawo ba ta ce uffan ba. Sai da Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ce ranar 3 ga Maris a ci gaba da karɓar tsofaffin, sannan muka numfasa.

Mai shagon atamfa: Allah sarki. Amma Malam, wancan gaggawa ce aka yi, ba laifin tsarin ba ne.

Malamin firamare: Alhaji, tsarin ma akwai gyara. Naira 50 ake cirewa in kuɗin da aka tura sun kai 10,000. Mai tura miliyan ma 50 ɗin ce. Wa ya fi jin ta a jikinsa? Sannan a 2021 an rufe layukan waya a Zamfara saboda tsaro. Wanda duk abin da ya mallaka ke cikin waya, da me zai sayi tiyar masara?

Mai POS: Gaskiya ne, Malam. Ni ma wani ya taɓa nuna min alat na bogi, na ƙirga masa 20,000, kuɗi ba su shigo ba har yau. Duk da haka ban ga ranar da za mu koma baya ba.

Uwar adashi: Ba wanda ya ce a koma baya. A dai bar tsabar kuɗi su yi tafiya tare da waya har kowa ya iso. Ɗana, ran Juma'a bayan la'asar muke zubi. Ka zo ka buɗe wa matan nan biyar nasu, kowace da layinta, ka kuma zauna ka nuna musu da Hausa.

Mai POS: In sha Allahu, Hajiya. Su taho da takardar NIN ɗinsu.

Uwar adashi: Biyu ba su yi ba tukuna. Ina ake yi a kusa?