Watanda ta faɗo safiyar Kirsimeti, kuma ni ke jan waƙa a coci

Ɗanladi: Salama gare ku 'yan'uwa. Mu goma sha biyu muka haɗa watanda a ƙauyenmu, wajen Gani ta Sumaila, kuɗin kuma a hannuna yake. Mahauci Musulmi muka kira da gangan, don maƙwabta su ci abincin da za mu aika musu. To ya ce ba shi da sarari sai ranar 25 da ƙarfe takwas na safe. Tara ake shiga sujada, ni ke jan waƙa. In tsaya kan rabon nama, ko in bar wa wani in tafi? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ya yi.

Maman Rahila: Ku yanka ranar 24 mana, ku soye da dare. Hunturu ne, ba abin da zai sami naman. Mu a Roni haka muke yi, da asuba shinkafa kawai ake ɗorawa.

Ɗanladi: Mama, ai na ce mahaucin ba ya nan ranar.

Ayuba Direba: Nawa kaso? Mu dubu 25 muka zuba, a Wudil aka sayo san ranar Juma'a.

Ishaku: Dubu 25? An cuce ku. Namu 15 ne, daga Maigatari.

Ayuba Direba: Sa kuka saya ko ɗan maraƙi? Ka sa kuɗin mota daga bakin iyakar Nijar tukuna.

Saratu: Ɗanladi, kada ka bar wa kowa. Shekarar da maigidana ya rasu, da kuɗin gyaɗata na shiga watanda don yara su ci nama kamar na kowa. Na ce ba zan rasa sujada ba, na bar kwano na tafi. Muna can muna waƙa, suka raba. Abin da na tarar ƙashi ne da huhu da tumbi. Da na yi magana, wani dattijon ikilisiya ya ce mini ranar farin ciki ce, in yi haƙuri. Matarsa kuwa cinya take soyawa, ƙamshin har ɗakina. A ranar na dafa wa marayu miyar kuka. Har yau in ya tashi yin addu'a a gaba, ba na iya cewa amin.

Maman Rahila: Wayyo Saratu, Ubangiji ya ta'azantar da ke.

Malam Bitrus: Ku duba Luka 10:38-42. Marta ta shagala da hidima, Maryamu ta zauna tana sauraro, Yesu ya ce ita ta zaɓi rabo mai kyau. Makiyayan Luka sura 2 ma da hanzari suka tafi Baitalami. Ɗanladi, je ka ja waƙarka.

Saratu: Malam, kai a Sabon Gari kake, a leda ake kai maka nama. Maryamu ta zauna ne don akwai Marta a madafi.

Malam Bitrus: A ƙauye aka yanke mini cibi, 'yar'uwa.

Ishaku: Rabo mai kyau dai dattijo ne ya zaɓa 😂

Baba Yohanna: Yara, ku bar raha. A zamaninmu sai an tashi daga sujada ake sa wuƙa, da la'asar a ci. Wa ya mutu? Yanzu coci sai tsofaffi da yara, mata na kan murhu, samari na gun tela.

Maman Rahila: Baba, tunda ka taɓo tela. Ankon zumuntar mata fa? Bana an ce sabuwar atamfa, ga godiyar kaka mun kai dawa, ga kuɗin ado na coci, ga gudunmawar aure biyu kafin sabuwar shekara. Na san mata uku da ba za su zo sujada ba don kunyar rashin anko.

Saratu: Huɗu, har da ni.

Malam Bitrus: Babu ayar da ta ce a yi anko.

Ayuba Direba: To Malam, gaya wa shugabar mata da bakinka, mu muna bayanka daga nesa.

Ɗanladi: Jama'a, mahaucin fa gobe yake jiran amsa.

Ishaku: Yaya Saratu, atamfar nawa aka ce muku? Ta matata dubu tara aka karɓa, ban da ɗinki.