In biya kuɗin kwas ɗin yaren Suwidin, ko in jira sai na isa can?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a sakaya sunana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, shekarata shida ina aiki. Maigidana yana Västerås a ƙasar Suwidin, mun kuma shigar da takardun neman izinin zama a hukumar shige da ficensu, Migrationsverket. Abin da ya rage jira ne, jiran kuwa ba shi da rana. Shi ne na ce maimakon in zauna ina ƙirga kwanaki, bari in fara koyon yarensu ta intanet.

Sati uku ke nan, kaina ya ɗau zafi. Na sauke manhajar koyon yare ta Duolingo, ina yi kullum bayan isha'i, har na iya cewa yaro yana cin tuffa. Amma ranar da maigida ya haɗa ni da matar maƙwabcinsa a waya, ban da *hej*, wato sannu, babu abin da kunnena ya kama. Na kuma biya wani malami da na gani a intanet kuɗin wata guda. Mun yi darasi biyu, na uku aka ɗauke wuta ana tsaka da yi, na huɗu shi ne bai zo ba, har yau wayarsa a kashe. Yanzu ga wani kwas na masu farawa, matakin A1, da wata makarantar manya a can take yi kai tsaye ta bidiyo, sau biyu a mako, ƙarfe shida na yamma. Kuɗin ba kaɗan ba ne in an juya shi zuwa naira. Maigida ya ce in bari, in na iso akwai makarantar kyauta. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. In biya, in ci gaba da manhaja, ko in haƙura?

Maman 'Yan Biyu, Malmö: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Maigidanki bai yi ƙarya ba, makarantar tana nan, SFI ake ce mata, wato koyar da baƙi yaren Suwidin, kyauta ce, ƙaramar hukumar garinku ce take ɗaukar nauyinta. Sai dai ba ki sauka jirgi yau ki shiga aji gobe ba. Sai kin yi rajista a hukumar haraji, Skatteverket, an ba ki lambarki ta shaidar mazauna ƙasa, *personnummer*, sannan ki nemi gurbi, wani garin ma sai kin bi layi. Ni irin shawarar maigidanki na bi, na kuwa ɗanɗana kuɗata. Duk watannin nan ina gida kamar kurma. Takarda za ta zo daga asibitin yara, in ajiye ta a kan firij har sai Baban 'Yan Biyu ya dawo da dare ya karanta min.

Ajin nasu huɗu ne, A zuwa D, kuma suna duba ilimin da mutum ya zo da shi. Mai karatu irinki daga C ake fara mata, can kuwa gudu ake yi, ba a tsayawa jan baƙi. Duk abin da kika zo da shi daga gida riba ce. Kada ki jira.

Ɗalibi a Uppsala: Anti, abin da ya same ki a waya ba laifin ƙwaƙwalwarki ba ne. Manhaja ta koya wa idonki, ba ta koya wa kunnenki ba, kuma mutanen nan rubutunsu daban, furucinsu daban. *Jag*, wato ni, "ya" za ki ji. *Och*, wato da, "o" kawai suke cewa. *De* a rubuce, "dom" a baki. Harafin k in ya zo gaban e, i, y, ä ko ö yakan koma kamar "sh", shi ya sa nama, *kött*, ba da "k" yake farawa a kunne ba.

Amma bari in gaya miki abin da babu malamin intanet ɗin da zai gaya miki, don bai san Hausa ba. Akwai wurare uku da Bahaushe ya fi Baturen Ingila sauƙin shiga yaren nan.

Mu mun san bambancin gari na zama da garin tuwo, jan wasali ne. Su ma haka: *tak* da dogon wasali rufin ɗaki ne, *tack* a gajarce na gode. *Glas* kofin gilashi, *glass* askirim. Har karin sautin suna da shi, *anden* agwagwa ce ko ruhi, ya danganta da yadda murya ta hau ta sauka. A ajinmu akwai wani ɗan Amurka da ya rantse duk ɗaya yake ji, ni kuwa tun ranar farko na ji, don na taso ina bambance kukan yaro da miyar kuka.

Sai ɗafa ƙeya. Muna cewa littafi, littafin, mota, motar. Su ma a wutsiya suke liƙawa: *en bok* littafi, *boken* littafin, *ett hus* gida, *huset* gidan. Tarkon shi ne *en* da *ett* ɗin nan. Ba namiji da mace ba ne kamar namu, kuma babu wata ƙa'ida da za ta fisshe ki ko'ina. Wajen kashi uku cikin huɗu na sunaye *en* ne, sauran sai hadda. Don haka kada ki taɓa rubuta suna tsirara a littafinki. Ba *hus* ba, *ett hus*. Na yi sakaci da wannan a farko, shekara biyu ke nan ina biyan bashin.

Na ukun daɗi ne kawai. Kawu *morbror*, baffa *farbror*, inna *moster*, gwaggo *faster*. Sun raba dangin uwa da na uba kamar mu.

Inda za ki sha wuya wasula ne. Namu biyar, nasu tara. Ki sa allon rubutun yaren a wayarki tun yau, ki daina tsallake å, ä, ö, don matsayinsu ɗaya da ƙugiyar ƙ da ɗ. Kamar kasa da ƙasa ne: *har* yana da, *här* nan, *hår* gashi.

Ɗan Kasuwa, Göteborg: Ni fa Hajiya ban ga abin ɓarnar kuɗi ba. Shekarata tara a ƙasar nan, da Turanci nake komai. Kina buɗe baki da yarensu suka ji kin yi gargada, sai su juya miki Turanci. Ki adana kuɗinki ki sayi rigar sanyi mai kyau, ita za ki fi buƙata.

Yayarku Nas, Örebro: Alhaji, maganar rigar sanyi na yarda, sauran kuwa a'a. Kai kaya kake saye da sayarwa, ita jinya take so ta yi.

Ƙanwata, saurara. Ba ki da ikon kiran kanki *sjuksköterska*, wato ma'aikaciyar jinya, a ƙasar nan sai hukumar lafiya ta Socialstyrelsen ta ba ki lasisi, kuma cikin sharuɗɗan akwai yare, matakin ƙwararru na C1 (ba ajin C na SFI ba), ko ki gama darasin yaren na sakandare har mataki na 3. Bayan SFI akwai *svenska som andraspråk*, wato darasin yaren a matsayin yare na biyu, na share fage, sannan 1, 2, 3. Hanya ce mai tsawo, shi ya sa kowane wata da kika rage tun daga Kano yana da daraja. Kuma a ɗakin marasa lafiya babu mai juya miki Turanci. Tsohuwa 'yar shekara 90 da ciwo ya tashe ta ƙarfe uku na dare, da yaren uwarta za ta kira ki.

Ni shawarata ki biya kwas ɗin, in dai makaranta ce mai adireshi da rasit, ba mutum mai lambar waya kaɗai ba. Kafin ki tura ko sisi ki tambaye su: mutum nawa ne a aji, ana naɗar darasi ga wanda intanet ta yanke masa, kuma littafi yana cikin kuɗin ko daban. In aji ya yi yawa, sauraro za ki biya, ba magana ba. Abin da kike saye shi ne mutum mai kunne da zai ce miki "sake faɗa". Manhajar ki bar ta a matsayin abin taɓawa, minti goma ya isa.

Na kyauta kuma: Radio Sweden på lätt svenska, labarai ne a hankali cikin sauƙin yare, da jaridar 8 Sidor. Ki saurari labari ɗaya sau uku, na ukun kina bin mai karantawa da babbar murya, ko ba ki gane ba. Ni a kicin nake yi ina tuƙa tuwo, yara suna ta yi min dariya.

Wani abu da zai yi miki nauyi a baki: kowa *du* ake ce masa, likita, shugabar aiki, sa'ar kakarki, kuma da sunansa na yanka. Tun ƙarshen shekarun 1960 suka koma haka. Ni da ba na iya ce wa surukata "ke", na daɗe ina jin kamar rashin kunya nake yi.

Maman 'Yan Biyu, Malmö: Na manta, ki lura da agogo. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris lokacinmu ɗaya da Najeriya, sauran watannin mun riga ku da awa guda. Ajin ƙarfe shida zai zama ƙarfe biyar a wurinki da bazara da damina, da hunturu kuma zai faɗa daidai magariba a Kano. Ki tambaya ko suna da wani lokacin. Sannan kada ki koyi furuci a bakina, mu na kudu "r" ɗinmu daga maƙogwaro take fitowa, mutanen Västerås za su gane daga ina kika kwaso.

Ɗan Kasuwa, Göteborg: To na janye, likitoci sun yi magana. Amma ga kalma ɗaya kyauta daga wurina: *gift*. Ma'anarta mai aure, ma'anarta kuma guba. Kada ki ce ni na faɗa.

Mai tambaya: Alhaji, wannan zan ajiye wa maigida sai ranar da ya ɓata min rai.

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na rubuta wa makarantar, sun ce ba sa naɗar darasi amma suna tura takardun kowane aji, kuma akwai rukunin safiyar Asabar, shi zan ɗauka in na daidaita da masu raba mana aiki. Ranar ajin zan riƙa zuwa gidan yayata, suna da sola. Na sayi sabon littafi na raba shafi biyu, *en* a dama, *ett* a hagu.

Ashe ma sunan garin da zan zauna ban iya ba. "Basteras" nake ta cewa, jiya maigida ya ce "Vesteros" ne, wai ya daɗe yana ji ya yi shiru. Yaya Nas, wannan *sj* ɗin da ke farkon *sjuksköterska*, don Allah ki turo min da murya ta akwatin saƙo. Na saurari mutum uku, kowa da yadda yake hura tasa.