Toshe bankin abokan gaba ta intanet: gwagwarmaya ce ko cutar da talaka?

Malam Sani: Ra'ayina shi ne, ƙasar da aka mamaye tana da haƙƙin kare kanta da duk abin da ke hannunta. A ranar 26 ga Fabrairun 2022, kwana biyu bayan shigar sojojin Rasha Yukren, ministan fasahar zamani na Yukren a lokacin, Mykhailo Fedorov, ya yi kira ga 'yan sa-kai masu ilimin kwamfuta, aka riƙa wallafa musu a Telegram sunayen shafukan da za su afka wa, ciki har da na bankin Sberbank da kamfanin iskar gas na Gazprom, duka na Rasha. Matashin da ya toshe shafin banki bai zubar da jinin kowa ba, alhali ana ruwan bama-bamai a kan garinsu.

Hajiya Rabi: Malam Sani, da girmamawa, ban yarda ba. A ranar 15 ga Fabrairun 2022 ne aka durƙusar da manhajojin PrivatBank da Oschadbank a Yukren, aka kuma tura wa mutane saƙonnin ƙarya a waya cewa na'urorin cirar kuɗi sun daina aiki, don a jefa tsoro a zukata. Wanda hankalinsa ya tashi ranar shi ne tsoho mai jiran fansho da uwa mai cefane. Lokacin ƙarancin takardun naira a 2023, na tsaya a kantin magani da takardar likita a hannu, kuɗina na cikin asusu, manhaja ta ƙi buɗewa, na juyo gida ba maganin yarona. Wannan ba hari ba ne ma, amma daga ranar na san abin da tsayawar banki take nufi.

Malam Bashir: Ya kamata a fahimci yadda abin yake. Yawanci ba a satar ko sisi. Dubban kwamfutoci ne ake sa su aika buƙatu lokaci guda har shafin ya kasa amsa kowa, kamar a cika ƙofar shago da mutanen da ba saye suka zo ba. Inda nake da shakka shi ne kalmar 'yan sa-kai. Harin da Hajiya ta ambata, Amurka da Birtaniya sun ɗora alhakinsa kan hukumar leƙen asirin sojan Rasha. A yaƙin Jojiya na Agustan 2008 kan Kudancin Osetiya, an baza jerin shafukan da za a kai wa hari a dandalin Rashanci, aka liƙa hoton shugaban Jojiya na lokacin, Saakashvili, kusa da na Hitila a shafin hukuma, har ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta koma fitar da sanarwa ta Blogger, dandalin wallafa rubutu na Google. Gwamnati tana iya fakewa da guzuma ta harbi karsana, sannan ta ce matasa ne masu kishin ƙasa.

Malam Sani: Misalanku duka na mai mamaya ne. Ba daidai ba ne a auna wanda ya fasa gida da mai gida a ma'auni ɗaya.

Hajiya Rabi: Dokar yaƙi kuwa haka take auna su a kan abin da ya shafi fararen hula. A Oktoban 2023 kwamitin Red Cross na duniya ya fitar da ƙa'idoji 8 ga masu kutse farar hula. Ta farko ta hana taɓa kadarorin fararen hula, ta ƙarshe ta ce a kiyaye su ko da abokin gaba bai kiyaye ba. Sun kuma yi gargaɗin cewa mai shiga yaƙi kai tsaye daga ɗakinsa yana iya rasa kariyar da doka ta ba farar hula.

Malam Sani: Na amince a bar asibitoci da ruwan sha. Amma Sberbank mafi yawan hannun jarinsa na gwamnatin Rasha ne, don haka ba na ganinsa a sahun kadarorin fararen hula.

Malam Bashir: To ai Oschadbank ma na gwamnatin Yukren ne, PrivatBank kuma gwamnati ta karɓe shi tun Disamban 2016. Idan mallakar gwamnati ce take halatta hari, Malam Sani, da bakinka ka halatta na ranar 15 ga Fabrairu.