Shin Enzayim ɗin Jini Zai Iya Wanke Hayaƙin Masana'antu?

Injiniya: Enzayim sinadari ne da ke hanzarta sauye-sauye a jiki. Tunda enzayim ɗin kabonik anhidires da ke cikin jajayen ƙwayoyin jininmu yana iya haɗa iskar kabon dayoksaid da ruwa kusan sau miliyan ɗaya cikin daƙiƙa guda, ina ganin idan aka zuba shi a ruwan da ake wanke hayaƙin masana'antu da shi, ruwan zai sha iskar fiye da yadda ya saba.

Malamar Kimiyya: Injiniya, a nan muka raba gari. Enzayim ba ya ƙara yawan iskar da ruwa zai iya riƙewa, saurin aikin kawai yake ƙarawa, kuma gaba da baya yake yi. A cikin tsoka yana mayar da iskar ta zama bayikabonet, wani sinadari mai narkewa a ruwan jini, idan jini ya isa huhu kuma sai ya kwance abin da ya ƙulla domin mu fitar da ita.

Likita: Malama ta yi gaskiya. Jini ba ya cika daƙiƙa ɗaya a ƙananan jijiyoyin huhu, alhali sauyin nan yana ɗaukar daƙiƙoƙi da dama idan babu enzayim, kuma wannan matsalar ce ta sa masana kimiyya Meldrum da Roughton suka gano shi a Kambirij ta Ingila a 1933. Abin da ke sa jini ya ɗauki kusan kashi 70 na iskar a matsayin bayikabonet shi ne, himogulobin, sinadarin da ke sa jini ya yi ja, yana kwashe asid ɗin da ke fitowa yayin sauyin. Ruwa zalla ba shi da mai yi masa wannan hidimar.

Injiniya: Likita, ai a masana'anta sauri kuɗi ne. Ruwan fotasiyum kabonet ba ya cin zafi sosai wajen sakin iskar bayan ya sha ta, kamar sinadaran amin da aka saba wanke hayaƙi da su, nawarsa ce kawai matsala, kuma enzayim yana magance ta, sai a gina hasumiyar wanke hayaƙi ƙarama.

Malamar Kimiyya: To, ka bar maganarka ta farko ke nan. Sauran zafi, domin enzayim furotin ne, yana dahuwa kamar ƙwai, shi ya sa masu bincike suka koma neman irinsa a jikin ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi. Wata nawa zai yi a hasumiyar taka kafin a sake shi?