Makin GRE ɗina ya yi ƙasa, in sake jarrabawa ko in tura haka?

Ɗalibi_Kano: Assalamu alaikum. Ina neman gurbin digiri na biyu a fannin injiniya a Amurka. Na rubuta GRE, jarrabawar da wasu jami'o'i ke nema kafin su ba da gurbin, na samu 160 a lissafi, 147 a Turanci, 3.5 a rubutu. Hankalina ya tashi. Mene ne abin yi?

Malama_Injiniya: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ƙanena. Fara duba shafin sashen da kake nema, domin tun 2020 sassa da yawa sun daina tilasta GRE. Inda ba dole ba ne, kada ka tura. Inda ake buƙata, lissafi suka fi kallo, kuma 160 cikin 170 ya ɗan yi ƙasa ga manyan jami'o'i. Gwara ka sake.

Malamin_Lissafi: Haka ne, Malama. Sai bayan kwana 21 ake sakewa, sau 5 kacal cikin wata 12, sakamakon kuma yana ɗaukar kwana 8 zuwa 10. Lissafa wannan kafin ranar rufe karɓar takardun neman gurbi. Abin da ke kayar da mutane: ɓangaren lissafi da na Turanci kowanne kashi biyu ne, ƙoƙarinka a na farko shi ke yanke wahalar na biyu. Ka yi sakaci a farko, sai a ba ka tambayoyi masu sauƙi waɗanda ba sa kai mutum babban maki. Kada ka bar tambaya ba amsa, ba a rage maki kan kuskure. Gwada POWERPREP, jarrabawar gwaji ta masu shirya GRE, da agogo a gabanka.

Yaya_Babba: Idan ka sake, da tsarin ScoreSelect, sakamakon da ka zaɓa kaɗai ETS, hukumar da ke shirya GRE, za ta tura, sai dai wasu jami'o'in kan nemi duka. Kuma kada GRE ta cinye lokacin wasiƙun malamanka da takardar bayanin manufarka.